Kafin mu ce wa jama'a su ƙaurace wa katin ɗan ƙasa



Daren Asabar ɗin da ta wuce, a zamanmu na nan Dakoro, mun yi gardama har shayi na uku ya huce ba wanda ya waiwaye shi. Maganar guda ce: sabon katin ɗan ƙasa mai ɗauke da zanen yatsa da hoton fuska, wanda ƙasashen AES suka ce za su yi na bai ɗaya, da kuma rumbun bayanan da zai tsaya a bayansa. Kusan rabin waɗanda ke wurin sun ce mu fito fili mu kira jama'a su ƙaurace, kada kowa ya ɗora yatsarsa a kan na'ura. Ni na ce ban yarda ba. Wani yayanmu a gwagwarmaya, wanda ya riga ni shiga aikin ga da shekara goma kuma nake ganin girmansa ƙwarai, ya dube ni ya ce: "Ƙanena, tsoro na ya kama ka, ko lakkol ce ta sanyaya maka jini?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na kwana da maganar, kuma na yi alkawarin zan rubuta amsata a nan, inda waɗanda ba su zo zaman ba su ma za su tofa albarkacin bakinsu.

Zan fara da abin da masu kiran ƙauracewa suke da gaskiya a kansa, don wallahi gaskiyar tasu tana da yawa.

A 2019 aka yi dokar laifukan intanet. A watan Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren wayoyi da saƙonnin mutane da sunan tsaro. A 2022 aka cire ɗaurin gidan kaso a kan ɓata suna ta intanet, a watan Yunin 2024 aka mayar da shi. Ranar 27 ga Agustan 2024 aka kafa wani kundi na musamman, wanda ake kira FPGE, na mutanen da ake zargi da ta'addanci ko taɓa manyan muradun ƙasa ko dagula zaman lafiyar jama'a. Wanda sunansa ya shiga ana iya riƙe dukiyarsa, a hana shi tafiya, har a janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi tun alƙali bai yanke masa hukunci ba. A watan Oktoban wannan shekarar aka janye wa mutum tara na kusa da tsohuwar gwamnati. A watan Disamba aka kama Moussa Tchangari na Alternative Espaces Citoyens. Majalisun ƙananan hukumomi an rushe su a Afrilun 2024, jam'iyyun siyasa an rushe su a Maris na 2025. To wanda ya jera waɗannan abubuwa ya ce yana tsoron a tara yatsun 'yan ƙasa duka a wuri guda, ba za a ce masa mai neman fitina ba.

Ku lura da abu guda cikin jerin nan. Dokokin 2019 da 2020 gwamnatin farar hula ce ta yi su, soja suka zo suka tarar da su. Wanda ya gina rumbu ba lalle ba ne shi zai riƙe makullinsa har abada. Saboda haka damuwata ba ta tsaya ga masu mulki na yau ba, ko kana sonsu ko ba ka sonsu. A Ruwanda Turawan Beljiyam ne suka sa ƙabila a katin shaida tun shekarun 1930, sai a 1994 aka riƙa duba katin a shingaye ana kashe mutane. A Afganistan, na'urorin ɗaukar yatsa da Amurka ta bari sun faɗa hannun Taliban a 2021. Nan maƙwabta Najeriya, a 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan lambar NIN ta mutane, wani ma naira ɗari kacal. Duk wannan na yarda da shi, ba ni da ja.

Inda muka rabu shi ne maganin. Tambayata ga masu kiran ƙauracewa ita ce: in mun yi kiran, jama'a suka amsa, wa zai biya kuɗin?

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Bara na taso daga Maraɗi cikin motar haya. A wani shingen bincike aka ce kowa ya fito da takardunsa. Ni na miƙa katina, aka duba aka maido mini, ko minti guda ban yi ba. Wani dattijo Bafillace da ke zaune kusa da ni, da sandarsa da 'yar butarsa, ba shi da komai. Aka sauke shi. Muna cikin mota muna kallonsa yana kwance bakin zaninsa yana ƙirga canji. Da ya dawo na tambaye shi me ya hana shi yin kati. Ya ce: "Ɗana, sau biyu ina zuwa, sunka ce sai takardar haihuwa. Ni ko a daji anka haihe ni, wa za ya rubuta?" Ya ce duk tafiyar da zai yi sai ya ware kuɗin shinge kamar yadda yake ware kuɗin mota. Mutumin nan ya riga mu ƙaurace wa katin, shekara sittin yana cikin ƙauracewa ba da son ransa ba, kuma ga abin da ta jawo masa.

Na biyu, goggona. An zo garinsu rajistar rabon tallafi, wata ƙungiya ce da na'urar ɗaukar yatsa. Ta ɗora, na'ura ta ƙi. Aka shafa mata ruwa, aka goge, aka sake, ta ƙi. Taɓarya da igiyar rijiya da hauya sun cinye zanen yatsunta. Yaron da ke riƙe da na'urar bai san abin da zai yi ba, ya ce ta koma gefe. Ta wuni a gefe, ta koma gida hannu wofi. Da ta ba ni labari abin da ta ce shi ne: "Yau na ga abin mamaki, ƙarfe ya ce bai san ni ba."

Waɗannan mutum biyu su ne Dakoro. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kusan kashi 64 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, kuma kowa ya san a ƙauye da rugage abin bai kai na birni ba. Dokar 2019 ta ba da kwana sittin a kai sanarwar haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta gaban alƙali, da shaidu, da kuɗin mota, da kwanaki. Ku tuna makiyayin da ke arewacin kwarin Tarka, wajen Bermo ko Gadabeji, wanda aka yi wa haihuwa da damina yana bin ciyawa da garkensa. Kwana sittin ɗin za su cika yana inda ko layin waya babu. Ɗansa zai girma, in Allah ya sa ya shiga lakkol, ranar haɗa takardun jarrabawa a ce ina takardar haihuwa. Nawa muka sani da karatunsu ya tsaya daidai nan?

Mu da muka zauna daren Asabar, kowannenmu yana da kati a aljihu. Wasunmu suna da fasfo. Dukanmu mun yi layi a 2020 mun ba da yatsa da fuska don katin zaɓe, tare da mutum sama da miliyan bakwai. Hotunanmu sun cika Facebook, lambobinmu suna WhatsApp. In muka ƙaurace, mu muna da tsohon kati da za mu lallaɓa da shi, muna jin Faransanci, mun san wanda za mu kira in an tsare mu. Dattijon motar nan ba shi da ko ɗaya. Kiran ƙauracewa daga bakinmu daidai yake da mai ƙoshi ya ce wa mai yunwa ya yi azumi don nuna fushi.

Sannan ƙauracewa tana cin nasara ne in mutum zai iya rayuwa ba tare da abin ba. Hukuma ba ta buƙatar ta kama kowa. Ta ɗaura katin ga layin waya, ga karɓar kuɗi da aikawa, ga tallafi, ga jarrabawa, ta zauna tana jira. Mun gani nan gida a ƙarshen 2013 lokacin da aka rufe layukan wayar da ba a yi wa rajista ba. Mun gani a Najeriya: a Disamban 2020 aka ce a haɗa NIN da layin waya, mutane suka yi cincirindo a ofisoshi ana tsakiyar korona, a Afrilun 2022 aka hana layi sama da miliyan saba'in kira. Duk mai taurin kai ya je ya yi layi. In muka yi kira yau, bayan wata uku mutanenmu suka je suka yi rajista a ɓoye don ɗansu da ke ci-rani a Libiya ko Legas ya aiko da kuɗi, me ya rage mana? Mun zubar da ɗan mutuncin da muke da shi a idon jama'a, kuma hukuma ta gane ba mu da kowa a baya.

Yayanmu ya kawo misalin Ingila, kuma misali ne mai kyau. A can ƙungiyar NO2ID ta yi yaƙi da katin shaida da rumbunsa. A 2005 mutum sama da dubu goma suka yi alkawarin ƙin yin rajista, kowa zai ba da fam goma don kare waɗanda za a kai kotu. Duk da haka dokar ta wuce a 2006. Abin da ya kashe ta shi ne zaɓen 2010: jam'iyyun da suka yi alkawarin soke ta suka hau mulki, suka soke, a farkon 2011 aka farfasa na'urorin da ke ɗauke da bayanan. To ku duba abin da suke da shi. Suna da majalisa, da jam'iyyun adawa masu neman ƙuri'a, da jaridun da ba a rufewa. Sama da duka, ɗan Ingila yana da takardar haihuwa tun ranar da aka haife shi, yana zuwa likita, yana sa ɗansa makaranta, yana shiga mota daga gari zuwa gari ba wanda ya tambaye shi kati. Shi ƙin katin bai rage shi da komai ba. Ko can ma maganar ba ta mutu ba, don a Satumban 2025 gwamnatinsu ta sake tayar da ita da sunan shaidar zamani ta cikin waya. Mu ɗauki darasin naci da tsari daga wurinsu, amma rigarsu ba a jikinmu aka auna ta ba.

Akwai shawara ta biyu da aka kawo, wadda ta fi ta farko tayar mini da hankali. Wani ya ce tunda mutanenmu ba za su gane maganar kare bayanai ba, mu yi musu magana da abin da suke tsoro. Mu bar jita-jita ta yi mana aiki: a ce alamar Dujal ce, a ce ƙirga dabbobi za a yi don haraji, a ce Turawa ne ke son rage haihuwa. Wannan ko da wasa kada mu fara. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya saboda irin wannan magana. Tsoron mutane yana da tushe, don ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma kafin a dawo da allurar a tsakiyar 2004 cutar ta bazu ƙasashe da dama, kuma yaran da suka shanye 'ya'yan talakawa ne, har da na wannan gefen iyaka. Ƙaryar da ka saki yau ba ka da igiyar da za ka janyo ta gobe. Ranar da za a zo rajistar haihuwa kyauta, ita za ta hana uwa fito da ɗanta. Kuma cewa mutanenmu ba za su gane ba raini ne. Matar da ta san wa ke riƙe da kuɗin adashe, ta san dalilin da ya sa ba a ba mutum guda makulli da littafi tare, ta gane kare bayanai sarai. Mu ne ba mu iya faɗa da Hausa ba.

Shawara ta uku ita ce mu yi shiru, lokaci bai yi ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na fahimci masu wannan ra'ayi, suna da iyali, ni ma ina da tsohuwa da ke cewa in rage baki. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne ake tsara abin. Tun 2020 Bankin Duniya ya sa Nijar cikin shirin WURI na ba kowa lambar shaida guda, tare da Togo da Benin da Burkina Faso. A 2025 gwamnati ta sa hannu da wani kamfanin Libiya kan fasfo da katin shaida na zamani. In an gama kafa na'urori, an rubuta abin da za a tambaya, an ɗaura katin ga komai, gyara zai yi wuya. A Muritaniya aka fara irin wannan rajistar a 2011, baƙaƙen fata da yawa suka ga ana tambayarsu takardun iyaye da kakanni da ba su da su, har aka kafa ƙungiyar Touche pas à ma nationalité, aka yi zanga-zanga, aka rasa rai a Maghama. Shekaru bayan haka akwai yaran da suka kasa zama jarrabawa don ba su cikin kundin. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A yankin da makiyayi ke tsallaka iyaka da dawowa tun kafin a ja iyakar, tambayar "kawo shaidar kai ɗan ƙasa ne" tana iya zama wuƙa.

To me nake so mu yi? Mu ce muna son kowa ya samu takarda, kuma muna da sharuɗɗa a kan rumbun. Ga su, a gyara mini inda na yi kuskure.

Na ɗaya, takardar haihuwa kafin kati. A yawaita zaman alƙalai na tafi-da-gidanka da aka saba yi, kyauta, a kai su rijiyoyi da kasuwannin dabbobi da wuraren taron makiyaya na ƙarshen damina, a lokacin da mutane suke nan. Shaidar mai gari ko hakimi ko arɗo da mutum biyu ta wadatar ga wanda aka haifa a daji.

Na biyu, katin farko kyauta. Wanda ke auna hatsi da tiya lokacin bazara ba za a ce ya zaɓa tsakanin kati da tuwon dare ba.

Na uku, kada a hana kowa magani, ko makaranta, ko tallafin abinci don ba shi da kati ko don na'ura ta ƙi yatsarsa. A rubuta hanya ta biyu cikin doka, kuma yaron da ke riƙe da na'ura ya san ta. A Indiya, a jihar Jharkhand, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a 2017 bayan an soke katin abincin gidansu don ba a haɗa shi da lambar Aadhaar ba. Kada mu jira irin wannan a ƙasar da ta ga 2005.

Na huɗu, babu ƙabila, babu addini, babu asali a kati ko cikin rumbu. A ƙasar da har yanzu ake yi wa wasu gorin asalin bauta, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na biyar, a faɗa wa 'yan ƙasa inda bayanan za su zauna, wa ke da makulli, me kamfanin waje zai iya gani, kuma me zai faru ranar da kwangila ta ƙare. Tunda ana maganar 'yancin kai da diyaucin ƙasa, to yatsun 'yan Nijar ma dukiyar ƙasa ce, kamar yuraniyom da man fetur. Wannan hujja ce da ko mai goyon bayan gwamnati ɗari bisa ɗari ba zai ƙi ta ba.

Na shida, katanga tsakanin kundin shaida da kundin tsaro. Duk jami'in da zai buɗe bayanan mutum ya zama da izinin alƙali, kuma ya bar sawu. Kada a kashe katin kowa, kada a janye wa kowa ƙasarsa, sai bayan hukuncin kotu. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1961 ta rage yawan marasa ƙasa tun 1985, ba baƙon abu muke roƙo ba.

Sai yadda za mu yi aikin. Muna da doka ta kare bayanan mutum tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da aka kafa don wannan. Dokar ta ba kowa damar ya tambayi abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure. Mu nawa muka taɓa amfani da wannan damar? Ni dai ban taɓa ba, kuma kunya ce a gare ni. Mu rubuta wasiƙu, da sunayenmu, cikin ladabi, mu ajiye kwafi. In an amsa mun samu bayani, in ba a amsa ba mun samu hujja.

Mu buɗe littafi. Duk wanda aka mayar don ba takarda, duk wanda na'ura ta ƙi, duk wanda aka rubuta sunansa ba daidai ba, mu rubuta ranar da wurin da abin da ya faru, ba tare da sunansa ba sai ya yarda. In muka je gaban hukuma da magana ɗari biyu daga Kornaka da Birnin Lalle da Azagor da Sabon Mashi, ba daidai yake da mu je da fushi kawai ba. A Kenya abin da ya yi aiki ke nan. Ƙungiyar kare 'yan ƙabilar Nubiya da wasu ƙungiyoyi suka kai shirin Huduma Namba kotu. A Janairun 2020 kotu ta ce a dakata sai an yi cikakken tsarin kare bayanai, ta kuma hana ɗaukar ƙwayar halittar mutum da alamar inda gidansa yake. A 2021 ta sake cewa fitar da katin ya saɓa doka don ba a auna haɗarinsa ba. A Indiya kotun ƙoli a 2018 ta bar Aadhaar, amma ta hana a tilasta shi ga asusun banki da layin waya. Waɗanda suka ci waɗannan nasarori sun shiga ne da hujja da sunayen waɗanda abin ya cuta.

Mu fita daga Facebook. Goggona ba ta nan. Tana sauraren rediyon gari, tana jin liman, tana jin mai gari, tana zuwa taron mata na asusu. Mu nemi ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da malaman makaranta da suka san yara nawa ne ba su da takarda a ajinsu, da ungozomomi, da direbobin tasha da ke ganin abin da ke faruwa a hanya kullum. Mu zauna da sarakuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma maganar da ta fito daga bakin arɗo da liman da shugabar mata ta fi wuyar a ce mata aikin 'yan adawa ko 'yan koren waje.

Mu kuma share namu ɗakin. Jerin sunaye da lambobin mambobinmu yana yawo a WhatsApp, a wayoyin da ba su da ko makulli. Hotunan taro muna sa su da fuskar kowa ba mu tambaye shi ba. Wanda bai iya tsare sunaye arba'in ba, da wane baki zai koya wa gwamnati tsare miliyoyi?

Na san abin da yayanmu zai ce, don ya riga ya faɗa: "Wa za ya saurare ku? Kenya suna da kotun da ka iya ce ma gwamnati a'a." Gaskiya ne, kuma ba zan yi muku alkawarin za a saurare mu ba. Yana yiwuwa mu rubuta wasiƙa ashirin a yi shiru. Yana yiwuwa cikin sharuɗɗa shida mu samu biyu, waɗanda ba su taɓa ikon kowa ba, a hana mu na shida wanda shi ne ya fi muhimmanci. Amma ko biyun nan muka samu, yaro ya zauna jarrabawa, tsohuwa ta karɓi buhunta, dattijo ya wuce shinge da kuɗinsa a aljihu. Kuma ranar da iska ta juya aka buɗe ƙofar gyaran doka, za a tarar da mu da littafinmu, da mutanenmu, da buƙatunmu a rubuce. Ita ƙauracewa in ta faɗi ba ta barin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kuma kada a ce na rufe ƙofa. Akwai inda in aka kai, ni da kaina zan rubuta kiran ƙin yarda a shafin nan da sunana: ranar da aka sa ƙabila ko asali cikin tambayoyin rajista, ko ranar da aka fara kashe katin mutum don abin da ya faɗa ko ya rubuta. A ranar jama'a za su gane dalili ba sai an yi musu dogon bayani ba, kuma za su amsa mana ne in sun san mu ne muka tsaya musu lokacin da suke neman takardar haihuwa. Harsashi guda gare mu, kada mu harba shi a iska.

Yaya, ka tambaye ni ko tsoro ne. E, akwai tsoro, duk wanda ya ce maka ba ya ji a wannan zamani bai faɗa maka gaskiya ba. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne mu yi kiran da zai sa a yaba mana a Yamai da ƙasashen waje, a bar dattijon motar nan yana ci gaba da kwance bakin zaninsa a shinge. Shayin Asabar mai zuwa ni zan saya, sukari ma ni. Ka zo da hujjojinka, zan zo da littafin da na ce a buɗe, na riga na rubuta mutum biyu na farko a ciki.

'Yan uwa na sauran garuruwa, musamman na Bermo da Tasawa da Madarunfa da Gidan Runji, ku faɗa mana abin da kuke gani a wajenku. Wanda bai yarda da ni ba ya faɗa a fili, ba za mu ɓata ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama da mutuncinmu.